Labaran Aro na Maharazu Mai Fassara

Duk wanda ya taɓa zama a bencin gidan kallon Alhaji Lawal, can bayan kasuwar Ƙofar Wambai, ya san muryar Maharazu ko da bai san fuskarsa ba. Fuskar ma ba wata abar nema ba ce. Mutum ne siriri mai dogon wuya, hularsa kullum a karkace kamar ta gaji da shi. Amma in ya riƙe makirufo ya zauna a kusurwarsa ta gefen allo, sai ka rantse mutum goma ne a cikin rigar. Shi ne akta, shi ne bos, shi ne budurwar akta, ko kare aka nuno ba ya barinsa ya wuce bai sa masa magana a baki ba.

A Kabara aka haife shi, gidan masu ɗinkin hula. Mahaifiyarsu ta rasu yana rarrafe, sai yayarsa Uwani ta goya shi, da aka ɗaura mata aure ta tafi da shi ɗakinta. Can ta haifi ɗanta na fari, Iliyasu, wanda kowa ke kira Ilu, ta haɗa su ta raine su a tabarma ɗaya. Ilu na ce masa Kawu, amma tazarar da ke tsakaninsu ba ta kai a ce ya tashi ya ba shi wuri ba. An sa Maharazu makarantar allo, an sa shi ta boko, an zaunar da shi gaban zare da allura, duk ya taɓa ya ajiye. Abin da ya zauna masa shi ne kwaikwayon murya. Yana yaro yakan tsaya a soro ya yi sallama da muryar mai unguwa, mata su yi ta neman mayafi, shi kuma ya sha dukan da ya saya da bakinsa.

Da gidajen kallo suka yawaita, aka fara neman wanda zai riƙa mayar wa mutane maganar fim da Hausa yayin da fim ɗin ke tafiya, sai faɗuwa ta zo daidai da zama. Turancin Maharazu na aji uku ne, kuma ya kwana biyu bai ga sabulu ba. Bai taɓa ɓoye wannan ba. Cewa yake Turanci na wanda bai san labarin ba ne, shi kuwa ya sani tun kafin a kunna janareta.

Finafinan sararin sama su ne kasuwarsa, waɗanda ake nuna jirage masu girman unguwa sun rufe rana, da halittun wata duniya, da ƙarafa masu tafiya da ƙafa. A ganinsa duk labari ɗaya ne ake canza wa riga. Wasu halittu za su sauko su rushe gari. Akwai wani mutum da ya ɓata da matarsa, an kore shi daga aiki, ba mai jin maganarsa, to shi ne zai ceci duniya. Za a ɗauka ya mutu, matar ta yi kuka, can sai ga shi ya fito daga cikin hayaƙi yana ɗingishi, goshinsa da ɗan jini kaɗan don kada a ce bai sha wuya ba. Maharazu yakan kalli sabon faifai sau ɗaya da safe, yana cin ƙosai, sautin a ƙasa, shi ke nan ya gama shiri. Abin da bai ji ba ya cike da nasa, kuma sau da yawa nasan ya fi na masu fim ɗin daɗi.

Sun sha yin musu da Alhaji Lawal a kan wannan. Alhaji ya ce mutane ido suke kawowa, ba kunne ba, in dai bene zai faɗi wuta ta tashi, ko ba magana za su cika benci. Maharazu ya ce ido yaro ne, da an ba shi alewa ya ƙoshi, kunne ne ke zaunar da mutum har ƙarshe. Ya ce masu fim ɗin nan sun iya ado, amma kayan aro ba ya rufe katara, da ka duba ƙarƙashin walƙiyar za ka tarar da tsohon labarin jiya yana rawar sanyi. Sai dai a yi masa adalci, bai raina adon ba. Ranar da ya fara ganin teku ya miƙe tsaye ya haɗiye gari, ya manta da makirufon a hannunsa, har sai da na baya suka yi masa ihu ya dawo hayyacinsa.

Akwai wani barkwanci da aka san shi da shi. Mutanen nan da ake nunawa a gefen hoto suna gudu, ba suna, ba magana, waɗanda bene ke faɗo wa a kai don a nuna ƙarfin bos, ya sa musu suna 'yan rakiya. Ya ce su akta suka rako duniya. Duk lokacin da gini ya danne su, sai ya sassauta murya ya ce, "To 'yan rakiya, a sauka lafiya." Rumfa ta ɗauki dariya. Samari har jira suke a zo wurin, wasu su riga shi faɗa.

Ilu bai damu da kallo ba. Ɗan acaɓa ne, mai ƙarancin magana, in ya zo ɗaukar kawunsa ya tarar ba a tashi ba sai ya zauna a bencin ƙarshe, kafin jirgi ya sauka ya yi barci. Ya auri Luba, 'yar Malam Salihu na Ƙofar Ruwa, suna zaune a ɗakin da ke kallon na Uwani. Wata Juma'a, cikin sanyin farkon shekarar dubu biyu da goma sha biyu, Ilu ya leƙo wurin Maharazu da hantsi ya ce kayansa ba su bushe ba. Maharazu ya miƙa masa shuɗiyar shaddarsa mai aikin zare ruwan ƙasa a wuya, ya ce in ya sa mata baƙin mai zai wanke ta da harshensa. Ilu ya yi murmushi ya tafi.

Bayan la'asar ana tsakiyar kallo aka ji ƙara ta farko. Alhaji bai daɗe da sayo sababbin lasifika ba, har wani a baya ya ce lallai Alhaji ya iya sayayya. Da ta biyu ta zo, kwanon rumfa ya girgiza, ƙasa ta motsa a ƙarƙashin benci. Aka fito aka ga hayaƙi ya tashi ta fuskoki daban-daban na gari, ga harbe-harbe ba ƙaƙƙautawa. Aka sa dokar hana fita. Kowa ya koma gida yana kiran nasa a waya, wayar Ilu kuwa a kashe.

Da aka sassauta doka Maharazu ya shiga nema. Ya bi asibitoci gado-gado, ya shiga ɗakin ajiyar gawa ya duba fuskoki har idonsa ya daina rarrabe su. Ya je ofisoshin 'yan sanda, ya tsaya a bakin bariki, ya tambayi 'yan acaɓar da suke tasha ɗaya. Wani ya ce ya gan shi ya ɗauki fasinja ya yi gabas, wani ya ce yamma. Ba Ilu, ba babur. An ce akwai waɗanda aka binne ba a gane su ba, an kuma ce akwai waɗanda aka kwashe a mota ba a san inda aka kai su ba, kowa da wadda ya fi so ya gaskata.

Nan gidan ya shiga wani hali da ya fi makoki wuya. Bahaushe yana da gaisuwa ga wanda aka yi wa rasuwa, ya ce ya aka ji da haƙuri, Allah ya jiƙan rai. Yana da wata ga wanda abinsa ya ɓata, wannan jaje ne, a ce Allah ya bayyana. Matan unguwa suka riƙa tsayawa a soro suna shawarar wadda za su shiga da ita. Wata tsohuwa da ta yi kuskure ta ce ya haƙuri, Uwani ta dube ta ta tambaye ta wa ya mutu, tsohuwar ta fita ba ta sha ruwan da aka kawo mata ba. Daga ranar kowa ya kama jaje. Luba ce ta fi shiga uku. In ta sa kwalli, mata su ce har ta manta. In ta bar idonta fari, surukarta ta ce wa ya sa ta takaba. Ba matar aure ba, ba gwauruwa ba, ta zama mai shara da wanke-wanke da kallon ƙofa.

Ita kuwa Uwani, Ilu ɗan fari ne, kuma ita mutuniyar da ce. Ba ta taɓa kiran sunansa ba tun da ta haife shi, sai dai yaron nan. Ba ta taɓa zuba masa abinci a gaban mutane ba, ba ta taɓa tambayar ina ya kwana ba. Yanzu da tambayar ke cin ta, kunya ta hana ta hanyar yi. Ba za ta iya buɗe baki ta ce Maharazu, kana ganin ɗana na da rai ba. Don haka ta nemo wata ƙofa. Wata yamma Maharazu ya shigo ya zauna a kan turmin da ke kife a tsakar gida, inda ya saba zama, tana ɗinkin hula ba ta ɗago ba, ta ce:

"Wai ni kam, a finafinan nan naku, in mutum ya ɓata, yaya ake ƙarewa?"

Matar da ba ta taɓa taka gidan kallo ba, wadda ta sha ce masa ya nemi sana'ar mutane. Maharazu ya gane abin da ake tambayarsa. Ya gyara zama ya ba ta labarin wani da gini ya rufta da shi, aka fitar da rai, ashe wasu bayin Allah sun tsince shi sun yi jinyarsa a wani ƙauye. Ta saurara har ƙarshe, ta ce Allah mai iko, ta ci gaba da ɗinki. Washegari ta sake tambaya. Ya ba ta na wanda aka kama bisa kuskure aka tsare, daga baya gaskiya ta yi halinta. Jibi ya ba ta na wanda ya bugu a kai ya manta sunansa, sai da ya ji wata murya ya tuna. Luba tana bakin madafi, hannunta a cikin ruwan wanke-wanke, ba ta motsa kwano sai an kai ƙarshe. A lokacin Maharazu bai ɗauki abin ƙarya ba. Shi ma yana jin sanyi in ya kai wurin da mutumin ke fitowa daga hayaƙi.

Zafi ya shigo, gari ya koma wani iri. Shinge a kowace kwana, mai babur ya sauka ya tura, fasinja ya bi shi a ƙasa da hannu a sama. Kallo ya dawo bayan azahar don a tashi da wuri, benci rabi ba kowa. Wata rana Maharazu ya biya shagon Jibrin mai turi, inda ake zuba wa mutane finafinai da waƙoƙi a waya, ya tarar samari sun yi cincirindo a kan wata waya. Hoton ranar Juma'ar nan ne, wani ya ɗauka daga saman bene, ana ta yawo da shi daga waya zuwa waya. Suna ta cewa wallahi kamar fim, dubi yadda wutar ta yi sama, dubi motar can. Aka miƙo masa don ya gani, wataƙila ma ana jiran ya ce wani abin dariya.

Su wutar suke kallo. Shi kuwa shekarun da ya yi yana neman wanda zai yi wa barkwanci sun koya wa idonsa zuwa gefe. A kusurwar ƙasa ta hagu akwai babur a kwance, tayarsa ta baya na juyawa. Kusa da shi akwai mutum cikin shuɗiyar shadda mai aikin ruwan ƙasa a wuya. Bai fi numfashi biyu a cikin hoton ba. Maharazu ya ce a mayar baya, aka mayar. Ya ce a sake. Mutum ba ya ɓatan rigarsa, kuma irin kwanciyar nan mai rai ba ya yin ta. Ya ce wa Jibrin ya tura masa, Jibrin ya tura yana cewa ai wannan kowa nema yake. Ya fita ya zauna a dakalin wani shago da ke rufe, ya daɗe a wurin, har mai shagon kusa ya zo ya tambaye shi ko lafiya.

Ranar da yamma ya shiga gida da niyyar faɗa. Uwani ta ɗago ta ce yau wanne aka kalla. Ya dubi hannunta, ya ga yadda ta rame har zoben azurfarta na yawo a yatsa. Sai ya ji bakinsa ya kama hanyar da ya saba, ya ba ta labarin wani matuƙin jirgi da aka yi wa sallar gawa ba gawa, bayan shekara ya dawo. Tsoro ne ya hana shi, ba wani abu ba. Matar nan ita ce uwar da ya sani, kuma yana ganin in ya zare mata wannan zaren, abin da ya rage nata zai warware.

Haka ya yi ta ɗauke da abin a aljihu, mako na bin mako. Aiki ma ya fara gagararsa. Mutanen gari sun zama masana, ba a burge su da wuta kuma. In bam ya tashi a allo sai ka ji wani ya ce ƙarya ne, ba haka yake ƙara ba, na gaske ba ka jin komai sai kunnenka na ƙugi. Wani ya ce ina takalman, ai in abin ya faru takalma ne ke cika titi. Adon da Alhaji ke taƙama da shi ya zama abin a yi tsaki. Labarin kuma, wanda Maharazu ke cewa shi ke riƙe mutum, ya zame masa ƙaya, don duk sanda akta ya fito daga hayaƙi ya rungumi matarsa, sai ya ga ba wanda ya waiwayi waɗanda ke ƙarƙashin ginin. Fim ya ƙare, kiɗa ya tashi, gari guda ya mutu ba a shimfiɗa tabarmar makoki ko ɗaya ba.

Wata rana aka zo wurin da bene ke faɗowa a kan masu gudu. Wasu samari biyu a gaba suka juyo suna jiran barkwancin. Maharazu ya buɗe baki, abin da ya fito shi ne, "Allah ya jiƙansu." Ba da muryar wasa ba. Rumfa ta yi tsit, can wani dattijo a tsakiya ya ce amin, wasu suka bi shi. Bayan an tashi Alhaji Lawal ya ja shi gefe ya ce mutane gudun makoki suke yi su zo nan, kada ya biyo su da shi. Maharazu ya ce ya ji. Alhaji bai yi ƙarya ba, shi ya sa maganar ta fi zafi.

A gida kuma rumbun labaransa ya fara ƙarewa. Shi da ya ce labarin masu fim ɗaya ne, ga shi ana nemansa da sabo kullum. Ya canza wa wannan gari, ya canza wa wancan sana'a, ya mayar da soja direba. Wata yamma yana tsakiyar na wanda ya manta sunansa, Uwani ta tsinke zare da haƙori ta ce:

"Wannan mai mantuwar ai ka ba ni shi tun zafi bai shigo ba. Wancan karon makaniki ne."

Ta sake zura zare a allura, ta ce:

"Su mutanen nan ba su da wani labarin ne?"

"Ba su da shi, Yaya."

"To ci gaba," in ji ta. Ya ci gaba, amma bai san yadda ya kai ƙarshe ba.

Damina ta faɗi. Wata la'asar, an fito daga masallaci, Malam Salihu mahaifin Luba ya riƙe hannun Maharazu suka koma gefe ƙarƙashin wata rumfa, ana yayyafi. Dattijo ne mai kawaici, ya daɗe yana zagaye kafin ya iso. Ya ce ya tambayi malamai hukuncin matar da mijinta ya ɓata, sun ce in an kai gaban alƙali shekara huɗu za ta jira, sannan ta yi takaba. Ya ce shi ba gaggawa yake ba, Ilu ɗansa ne, bai taɓa ganin aibunsa ba, in jiran ne za su jira. Sai dai yarinya ce, kuma ya je ya gan ta, ta koma kamar ba ita ba. Ya ce da a ce akwai wanda ya ga wani abu da idonsa, ko mai daɗi ko marar daɗi, da an san abin da ake ciki, kowa ya san addu'ar da zai yi. Bai san da wa yake magana ba. Ya saki hannun Maharazu ya ce Allah ya bayyana, Maharazu ya kasa cewa amin.

Sai a ranar ya ga abin da shirunsa ke ci. Ya ɗauka yayarsa yake lallaɓawa, ashe shekarun wata yake kashewa, kuma Ilu na can wani rami ba wanda ya roƙa masa gafara da sunan mamaci. Duk gidan Allah ya bayyana ake ce masa, shi kuwa Allah ya jiƙan rai yake bukata.

Washegari da hantsi, ba lokacin zuwansa ba, ya yi sallama. Uwani na bakin ƙofarta a kan tabarma da hula a hannu, Luba na tankaɗe a gefe. Bai nufi turmin ba. Ya cire takalmansa tun daga nesa, ya zo ya durƙusa a gabanta. Ta dube shi ta ce yau ba aiki ne. Ya sunkuyar da kai.

"Yaya, ya muka ji da haƙuri?"

Allurar ta tsaya. Rariyar Luba ma ta tsaya. Uwani ba ta tambaye shi wa ya mutu ba. Ta daɗe tana kallon hular da ke cinyarta.

"Gani ka yi, ko ji?"

"Gani na yi."

"Tun yaushe?"

Ya faɗa mata tun zafi. Ya jira faɗa, ya so ma ta yi, ba ta yi ba. Ya zaro wayar ya miƙa da hannu biyu, ta kawar da kai.

"Ni ba na kallon fim. Faɗa mini."

Mutumin da ya shekara goma sha wani abu yana magana da bakin sarakunan taurari ya nemi muryarsa ta kansa, ya same ta 'yar ƙarama. Ya ce a bakin titi ne, kusa da inda wutar ta tashi. Ya ce babur ɗin na kwance, yaron na gefensa, sanye da shaddar da ya ara a wurinsa ranar. Ya ce ya duba ya sake dubawa, ba shakka a ciki, kuma ga alama abin bai ɗauki lokaci ba. Iyakar abin da ya gani ke nan, bai kai a kira shi labari ba. Luba ta ajiye rariyar a hankali ta shige ɗaki, aka jiyo kukanta daga ciki.

Uwani ta yi salati a ƙasa-ƙasa, ta maimaita. Sannan ta tambayi abu ɗaya.

"An rufe shi?"

Amsa na nan a bakin Maharazu, a shirye, har da muryar da za ta dace da ita. Wani dattijo ne ya zo wucewa, ya warware rawaninsa ya lulluɓe shi, ya tsaya ya yi masa addu'a. Ya san in ya faɗa za ta karɓa, za ta riƙe shi har ƙarshen ranta, ba kuma wanda zai taɓa ƙaryata shi. Ya haɗiye.

"Ban sani ba, Yaya. Mai wayar ya juya kan wutar."

Ta gyaɗa kai. Ta soke allurar a jikin hular ta ajiye a gefe. Ta ce masa ya je ya gaya wa liman da Malam Salihu, in ya dawo ya share soro ya fitar da tabarmi, mutane za su zo. Ya miƙe ya ɗauki takalmansa. Da ya kai bakin soro ya waiwayo, ya ga ta jawo mayafinta ta lulluɓe kanta har fuska, kafaɗunta na rawa, ba sauti.